Ramar Baba Ta Yi Rana

A wurin jiran mota, wani saurayi mai jiki yana ta lallatsa ƙirjinsa kusa da wani tsoho siriri.

"Yaro, lafiya? Ciwo ne?"

"Karatu ne, Baba. Bana na fara koyon aikin likita, gobe jarrabawar ƙasusuwa. Littafi ya daina shiga kaina, shi ne nake laluben haƙarƙarina, amma kitse ya rufe! In na faɗi, da wane ido zan kalli mahaifiyata?"

"Matso ka taɓa nawa. Ga su nan reras."

"Kai, Baba! Wallahi sun fi na littafi fitowa!"

"To lalube su a nutse, likita. Tun aurenmu matata take min gorin rama. Yau sai na gaya mata ramar ta yi rana!"