Yadda Wudil Ta Riƙe Ni

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ranar da aka mayar da aikin maigidana Wudil, kuka na sha. Kowa na rububin birni, ni da wa zan yi musayar littattafan hikaya? Wata biyu ina ƙunshe a ɗaki, sai maƙwabciyata Iya Tabawa ta leƙo ta ce, "Amarya, me takardar nan ke faɗa miki kike dariya ke kaɗai? Karanto mu ji!" Yanzu kullum bayan la'asar tsakar gidana cike take da mata.

Masu shirin ƙaura, ku tambayi halin maƙwabta kafin lantarki. Ina gaida ƙawayena na Fagge. Jiya maigida ya sami damar komawa Kano, ya nemi shawarata. Na ce a Wudil za mu zauna.