Ɗakin da Na Zaɓa wa Baba Idi a Abha

Tunda kun matsa sai kun ji dalilin da ya sa na fasa bangon ɗakina na yi taga ta wajen tabki, alhali duk gidajen unguwar nan sun juya wa ruwa baya, to ku gyara zama. Na san abin da kuke faɗa in na ba da baya, wai Kawu Sale ya je Makka ya dawo da ƙaunar sauro. Ku yi ta faɗa, kunnena ya saba.

Kuɗin tafiyata daga kwale-kwale suka fito. Shi na sayar, da taruna, da ɗan maraƙin da innarku Hajara ta sha wahalar kiwonsa. Shekarar ce ruwa ya hau ya cinye mana shinkafa ana gab da yanka. Ranar da zan tafi ko waiwayar tabkin nan ban yi ba, don haushinsa nake ji. A raina na ce bari in tafi ƙasar da babu ruwa ko na huta.

Na kuwa samu abin da nake nema, don Makka dutse ce da rana. Allah ya taimake ni na taɓa tuƙa motar kifi zuwa Kano, sai wani ɗan garinmu ya haɗa ni da Alhaji Usman, mai shagon dardumomi da jallabiya a Kudai, kusa da tashar motocin alhazai. Shi ya zama kafil ɗina, wato wanda sunansa ke kan takardar zamana, in ya ce tafi sai tafiya. Bahaushe ne, amma can aka haife shi. In ya fara magana da Hausa, kafin ya kai ƙarshe ya zame cikin Larabci, kai kuma sai ka yi ta gyaɗa kai kana fatan ba zaginka yake ba.

A unguwar Ka'akiyya na sami wurin kwana, mu biyar a ɗaki ɗaya. Akwai na'urar sanyi da suke kira mukayyif, ni kuwa wata uku ina ce mata mai-kaifi, abokan kwanana suna ta shan dariya ba wanda ya gyara mini. Ɗakin ba shi da taga ko ɗaya. Wata rana Garba, wani Basakkwace mai zafin kai da ke cikinmu, ya tare mai gidan.

"Ya za a ba mutum ɗaki ba taga? Rumbu ne?"

"Me za ka kalla?"

"Ko ba komai in ga sama."

"Fita waje, ga sama can kyauta."

Garba ya juyo yana neman mai goya masa baya, ni kuwa na ce mai gida ya fi shi gaskiya. Mutumin da ya zo neman abinci me ya haɗa shi da kallo? Ku riƙe wannan, don irin kaina ke nan a lokacin.

Sunan aikina direban shago, amma ainihin aikin shi ne Baba Idi, mahaifin Alhaji. Ya haura tamanin, ƙafafu sun daina ɗaukarsa, a keke ake tura shi. Ni ke kai shi masallaci, ni ke kai shi asibiti, har ta kai ni ke yi masa alwala. Tun yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya taho da shi ta ƙasa, bai sake taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa tsaf, irin ta kakanninmu. "Ɗan gida" yake kirana. In muna tafe a mota sai ya ce, "Ɗan gida, har yanzu ana shan ɗinya kuwa?" In ce ana sha, Baba. Sai ya yi murmushi. Na ƙaunaci tsohon nan kamar shi ya haife ni.

A shekarata ta uku, da zafi ya yi zafi, Alhaji ya kira ni bayan shago. Ya ce likita ya faɗa masa zuciyar Baba ta yi rauni, ƙila wannan fitar ita ce ta ƙarshe. Yana so a kai shi Abha, can duwatsun kudu inda mutanen Makka ke gudun zafi, ya yi kwana goma. Shi shago ba zai bar shi ba sai ƙarshen zaman, don haka in riga zuwa in zaɓi masauki, in dawo in ɗauki tsoho.

"Ka nemi funduƙ, wato otal, mai kyau, kada ka duba tsada. Abuya, mahaifina, ya ce wanda ake ganin ruwa. Akwai tabki a can. Itlala nake so."

"It me, Alhaji?"

"Itlala, ya Sale. Taga ta kalli ruwa. Ka gane?"

Na ce na gane. Hanya duka ina maimaita kalmar, kafin in isa ta koma "talala" a bakina, har yaron otal na farko ya rufe baki yana dariya.

Abha kam ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mota na ta hawa tana nishi, kunnuwa suna toshewa, birai a bakin titi suna zaune kamar masu jiran rabo. Iska mai sanyi, duwatsu kore. Otal na farko dogon bene ne a kan tudu. Yaron ya hau da ni hawa na bakwai, ya buɗe ɗaki, ya ja labule da alfahari kamar shi ya haƙa tabkin. Bango guda gilashi ne. Na leƙa na ga ruwa kwance tsakanin duwatsu, an tare shi da madatsa, ko rabin namu bai kai ba. Na ce a raina, to sai me? Ni da na baro ruwa a ƙofar gidana.

Na tambayi masallaci, aka ce akwai ɗan ɗakin salla can ƙasa. Na tambayi inda mutane ke zama su gaisa, ya kalle ni bai gane ba. Kowa ya kulle ƙofarsa, wurin shiru kamar asibiti. Nan zuciyata ta ƙi. A wajenmu ba haka ake sauke babba ba. Baƙo mai daraja kusa da zaure ake ba shi ɗaki, inda zai ji sallama, mai wucewa ya durƙusa ya gaishe shi. Wa zai ɗauki dattijo ya rataye shi a sama shi kaɗai?

Masauki na biyu wasu ƙananan gidaje ne a ƙololuwar dutse, su ma ana hango ruwan, amma matakala sun yi yawa, ga sanyi mai shiga ƙashi. Ban daɗe ba na sauko.

Sai da la'asar na faɗa wani tsohon masauki a cikin gari, bayan kasuwa. Ɗaki a ƙasa, ƙofarsa ta buɗe cikin tsakar gida, masallaci taku ashirin. Dattawan unguwa na zaune a kan shimfiɗa suna shan gahawa, ina sallama suka matsa mini wuri. Tagar ɗakin kuwa katangar maƙwabci take kallo. Na ce alhamdu lillahi, nan ne. Ba don arha na zaɓe shi ba, Allah ne shaidata. Na yanke wa kaina cewa zancen kallon ruwa na Alhaji ne, tashin Larabawa, ya dai jingina shi ga tsoho. Bahaushen da ya ga jiya me zai yi da kallon tabki? Ban kuma tambayi Baba ba, don ba a tsare babba da "me kake so?" kamar yaro. Kai ne za ka lura ka yi masa.

Da na kawo shi na tura kekensa cikin ɗakin, sai ya ɗaga kai ya dubi tagar. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Madalla da masauki, ɗan gida. Allah ya yi albarka."

Kwanakin nan na ji ni gwani ne. Dattawan suka karɓe shi hannu biyu, kullum hira, kullum dariya, salla biyar a jam'i, har abinci ya ƙara ci. In Alhaji ya kira ya tambaye ni, sai in ce wuri ya yi, in miƙa wa Baba wayar, shi ma ya ce masauki ya yi. Wayata ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar hoto, ban kuma yi baƙin cikin hakan ba. Abu ɗaya na lura, kullum bayan asuba sai ya ce in juya masa keke ya fuskanci taga. Ya zauna yana kallon katanga har rana ta fito. Na ɗauka wuridi yake.

Rana ta huɗu ya ce, "Ɗan gida, ruwan nan da nisa?"

"Ba nisa, Baba. Amma ba wani abin gani, namu na gida ya ninka shi."

"To," ya ce. Bai ƙara ba.

Wannan "to" ɗin har yau tana cikin kunnena. Iyakar roƙon da dattijo irinsa zai iya yi ke nan, ni kuwa na taka shi na wuce. Safiya tara muka yi a can, kullum gari garau, sama wasai.

Alhaji ya iso rana ta tara da yamma. Ya gaida mahaifinsa, ya nufi taga ya ja labule, ya ga katanga. Ya fito tsakar gida ya yafito ni.

"Abu ɗaya na ce maka, ya Sale. Ɗaya."

"Alhaji, a wajenmu babba..."

"Wajenku? Shi ya roƙa, da bakinsa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya roƙe ni komai ba sai wannan."

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Baba, "Usman, bar yaron nan. Ba a kushe masauki. Hidima ya yi mini." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Dole washegari mu kama hanya, don likita na jiransa. Muka shirya da sassafe za mu bi ta bakin tabkin. Garin nan kuwa yana da wata ɗabi'a, wani lokaci gajimare ke saukowa ya kwanta a ƙasa. Ranar ya zaɓa. Muka isa, na tura keken har jikin ƙarfen da aka kewaye ruwan da shi, ba ka ganin komai sai fari. Muka jira har rana ta ɗaga, gajimaren bai ɗaga ba. Alhaji ya koma mota don kada mu ga fuskarsa.

Baba ya ce, "Ina jin ƙamshinsa." Sannan ya ci gaba. "Ranar da muka baro garinmu, innata ba ta biyo mu ba. Ta rako mu bakin tabki da sassafe ta tsaya. Na yi ta waiwaye. Ɗan gida, fuskarta ta ɓace mini, shekaru da yawa ke nan. Ruwan da ke bayanta kawai nake tunawa. Na ce ko in na zauna na kalli ruwa da safe, kwana biyu, kwana uku, za ta dawo mini."

Na durƙusa a gaban keken na ce ya yafe mini. Ya dafa kaina ya ce ba abin yafewa, mutanen da na haɗa shi da su mutanen kirki ne. Sannan ya ce, "Kai da ka tashi a bakin ruwa, ba ni labari. Yaya naku yake da safe?"

Na buɗe baki. Na ce na san inda karfasa ke taruwa, na san inda tarwaɗa ke kwanciya, na san watan da ruwa ke hawa.

"Launinsa fa, kafin rana ta fito?"

Shekara arba'in ina shiga tabkin nan tun duhu, amma ban taɓa tsayawa na duba launinsa ba. Kunya ta rufe ni.

Ya yi 'yar dariya ya ce, "To in ka koma, ka duba mini."

Bai kai aikin Hajjin shekarar ba. Ni na tuƙa motar da ta bi gawarsa. Alhaji bai kore ni ba, bai ma sake tayar da zancen ba, mutumin kirki ne. Na ƙara shekara guda ina jigilar dardumomi, amma duk na dubi kujerar da Baba ke zama sai in ji zaman ya ishe ni. Na nemi sallama. Na dawo da keken ɗinkin innarku, da kwanon rufin nan, da abin da ya sayi wani kwale-kwalen. Arzikin ke nan, kun dai gan shi.

Kwana uku da dawowata na kira magini na nuna masa bango. Ya ce, "Malam Sale, wajen ruwa? Sauro fa?" Na ce fasa kawai.

Yanzu na sani. Kafin rana ta fito yakan yi toka-toka kamar tsohon kwano, sai ja ya ɗan shiga ta gefen kaba, sai tsuntsaye su sauka su ɓata shi duka. Kullum da irin nasa, ba ranar da ta yi kama da wata. Na duba kamar yadda aka aike ni, sai dai wanda zan kai wa amsar ba ya nan.

Ku kuma in aka ba ku amanar babba, ku daure ku tambaye shi, ko da kunya za ta kashe ku. In ya ce "to" ya yi shiru, ku sake tambaya. Mai son gani ya zo gobe bayan asuba, tabarmar tana da faɗi. Ku dai taho da mayafi, don maganar sauron gaskiya ce.