Firijin Likita Tsiala

Mai girma Fada Shio, da shugaban asibitinmu, da malamaina, Baba Gocha mijin marigayiya, Kawu Zaza ɗanta, da dukkan jama'ar da suka zo addu'ar arba'in, ina gaishe ku. Sunana Eka. Ku yi haƙuri, ban saba magana a gaban manya ba.

Likita Tsiala ta kasance mai gyara haƙoran rabin garinmu Kutaisi. Ta kasance ba ta son cire haƙori. Nawa na gaba an wanke tushensa an cike, ya sake yin ruwa, aka sake, ya sake. Kowa ya ce a cire. Na daina dariya a aji. Ranar da na je wurinta na rufe baki da hannu, sai ta ce, "Buɗe mana, 'yar nan, ba waƙa na ce ki yi ba."

Ta bayyana mini cewa ƙwayar cutar ta ɓuya can ƙasa inda magani ba ya kai wa, amma akwai wasu ƙwayoyi da suka fi ta ƙanƙanta masu cinye ta, kowace da irin wadda take ci. Ta kasance tana neman su a ruwan kwata, tana tacewa, tana renon su a kwalabe a firijin gidanta. Mun sha ganinta a bakin Kogin Rioni da bokiti. Baba Gocha yakan ce wata rana zai buɗe firiji neman cuku, ya shanye maganin haƙorin wani.

Ta samo tawa. An fara sa mini, kumburin ya sauka, ba a gama ba ta rasu. Ba ni kaɗai ba ce. Akwai direba, akwai mai jego a layinmu, su ma ba a gama musu ba.

Kawu Zaza, na ji za a rufe gidan a yanke wuta kafin ka koma Jamus tare da Baba Gocha. Na san kana cikin baƙin ciki, kuma ba hurumina ba ne. Amma abin da ke cikin kwalaben nan, in ya yi zafi ya lalace, babu mai sake nemo mana. Ka bar firijin a kunne har asibiti ya samu mai karɓa. Mahaifiyata ta ce in dole a rufe gidan, akwai wurin ajiye firijin a kicin ɗinmu.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya ji ƙan Likita Tsiala, ya sanyaya zukatanku, mu kuma da ta bari rabi da rabi, ya dube mu.