Garwashin Gwaggo Rahamatu

Raihana: Salamu alaikum, Gwaggo, ina wuni?

Gwaggo: Wa'alaikumus salam. Raihanatu 'yar Abuja! Ya aiki? Ya zafi?

Raihana: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Tudun Ƙofa? Ya ƙafar Baba Nababa?

Gwaggo: Da sauƙi, har masallaci yake zuwa. Halo? Muryarki na yankewa.

Raihana: Ina ji. Gwaggo, murhun nan da na ƙera na kawo miki gwaji, kina auna icce a sikeli kafin girki?

Gwaggo: Kullum.

Raihana: Gawayin da ya rage fa?

Gwaggo: Shi ma. Ba ina turo miki awon ba?

Raihana: Shi ne ya hana ni barci. Gawayin ya yi kaɗan ƙwarai, alhali an ƙera murhun ne don ya riƙa barin gawayi da yawa. Madam Caroline, shugabarmu, ta ce in awon jibi bai gyaru ba, a jingine murhuna a ɗauki na wani. Wallahi har kuka na yi.

Gwaggo: A jingine? Murhun da ba ya hayaƙi, icce kaɗan ya dafa tuwo? Duk layinmu a nan ake ɗiban wuta!

Raihana: Ɗiban me?

Gwaggo: Wuta! Salamatu ta ɗiba ta hura nata, Christy ta ɗiba na gashin masara, mai guga ma...

Raihana: Kafin ki auna?

Gwaggo: To da zafinsa zan ɗora a sikeli? Abin da suka bari nake kashewa in auna.

Raihana: Wayyo Allah! Ashe murhuna lafiyarsa lau! Gwaggo, kin kashe ni kin raya ni!

Gwaggo: Ke da kuka, yanzu kuma dariya?

Raihana: Don Allah, yau da gobe kawai, kar ki ba kowa ko ƙwaya ɗaya.

Gwaggo: In hana maƙwabciya wuta? Da wane ido zan kalle ta a gidan suna?

Raihana: To ki hura musu tsohon murhun duwatsu.

Gwaggo: Sun ce garwashinsa ba ya daɗewa. Tsaya, ana sallama. Maraba, Christy! Shigo mana.

Raihana: Gwaggo! Aikina ne fa!

Gwaggo: Na ji, na ji.

Raihana: Ƙarar me nake ji? Ba marfin murhun ba ne?

Gwaggo: Ɗan kaɗan ne, 'yar nan, bai ma kai a auna ba. Christy, miƙo kaskon...

Raihana: Gwaggo! Halo? Halo?