Kalkuletar Lafiyarta Ƙalau

A rumfar mai kayan karatu, wani saurayi ya dire kalkuleta kan tebur.

"Baba, canza min wannan. A lissafi sin 30 rabi ne, ita kuwa shirme take ba ni."

"Sabon shiga jami'a ne kai?"

"Eh. Wai sai na yi ajin share fage na lissafi. Ni! Ko ƙofarsa ba zan taka ba."

Mai rumfar ya danna maɓalli biyu, sai ga rabi ya fito.

"Lafiyarta ƙalau. Kan radiyan ka sa ta maimakon digiri."

"Mene ne kuma radiyan?"

"A ajin da ka raina ake koyar da shi. Lokacinmu a jami'a ni ma cewa na yi na fi ƙarfinsa. Shekarata ashirin ke nan a rumfar nan."