Wayar da Ta Ruɓe a Gindin Eriyar Ɗana

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Dutse nake rubutowa da hannuna, a yi haƙuri da rubutun, da girmana na koya. Maigida da jikokina suna lafiya, surukata tana fama da laulayin ciki, ni kuma hawan jini ya taso mini.

Ɗana na biyu, Sani, yana da na'urar rediyo da yake magana da mutanen nesa, ya kafa mata dogon ƙarfe, wato eriya, a jikin ɗakinsa. Da can wayar jan ƙarfe ce ta sauko daga sama ta shiga ƙasa, domin in aradu ta faɗo ta bi ta can. 'Yan gwangwan suka yanke ta, sai ya sa ta alminiyam. Da zai koma wurin aikinsa a Ringim ya ce, "Inna, ki riƙa zuba ruwan gishiri a gindin wayar, don aradu ta fi saurin shiga ƙasa." Ban taɓa fashi ba.

Shekaranjiya ina shara, sai wayar ta biyo tsintsiya. Ta gutsure daga ƙasa, bakinta ya zama farin gari.

Na kira Sani, ya ce, "Inna, waya waya ce, zan ɗaure." Maƙwabcinmu Malam Yohanna mai aikin lantarki ya ce gishiri da damshi cinye alminiyam suke, jan ƙarfe ake binnewa.

A ɗakin nan matarsa da yara suke kwana, ga hadari ya fara haɗowa. Sani ba ya jin tawa, amma yana sauraron shirinku. Don Allah a tambayi masana, a amsa mana kafin Juma'a, ranar zai dawo ya sake ɗaura ta alminiyam ɗin da ta gutsure.