Riga biyu a shagon tela

Na yi jika! Namiji ne, ranar jajibirin Sallah! Af, assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Malam Isa daga Kaura Namoda.

Ɗana Lawali ne uban yaron. Wata shida ke nan da 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar Dauran, ya bar matarsa da ciki.

Kowace Sallah kaya iri ɗaya muke sawa ni da shi. Bana hannuna ya bi sabo, na sayi shadda yadi goma na kai wa tela ban ce komai ba. Ranar jajibiri na gama cefane, na biya karɓar ɗinki, sai ya miƙo mini riga biyu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, awonku na wurina. Sai da na gama aikin wuya na tuna."

Na zauna a bencinsa ina kuka. A nan waya ta same ni cewa an haihu.

Uwar Lawali ba ta ga rigar ba, na ɓoye ta gidan maƙwabci. Rabonta da dariya tun rasuwar, sai yanzu, ina tsoron in mayar da ita baya. Masu sauraro, in nuna mata, ko in yi sadaka da rigar shiru?

Suna ranar Alhamis ne, a gidana, bayan tashar jirgin ƙasa. Kowa ya zo ya ga yaron nan. Goshin ubansa ne sak.